Sigogi Huɗu Kacal: Yadda Ɗalibin Kimiyya Zai Sarrafa Aikatau na Ingilishi

Gabatarwa

A duba waɗannan jimloli guda biyu na Ingilishi, waɗanda ba abin da ya raba su sai wutsiyar kalma ɗaya:

Neem powder killed bean weevils.
Neem powder kills bean weevils.

Jimla ta farko tana cewa garin 'ya'yan bedi, wato dogon yaro ko darbejiya, ya kashe ƙwarin wake a wani gwaji da aka yi aka gama. Ta biyu kuwa cewa take yi garin bedi yana kashe ƙwarin wake a ko'ina, a ko yaushe, a rumbun kowa. Ɗalibin da ya zuba wake mudu biyu a cikin kwalabe shida a ɗakinsa na Ƙofar Durbi, ya ƙidaya ƙwarin da suka mutu cikin mako uku, yana da ikon ya rubuta ta farko. Ba shi da ikon rubuta ta biyu, sai an maimaita gwajin a wurare da yawa, da hannun mutane da yawa. Idan ya rubuta ta biyu bisa kuskure, malamin gona ya karanta ya kai wa manomi, to ɗan ƙaramin baƙin nan "s" ya zama alkawarin da ba wanda ya tabbatar da shi, manomi kuma shi ne zai biya da wakensa.

Wannan ne ya sa malamin ilimin halittu ya tsoma baki cikin nahawu, ko da za a ce me ya haɗa kifi da kaska. A rahoton kimiyya, lokacin da aka sa wa aikatau shi ne ke gaya wa mai karatu ko abin da yake karantawa gani ne na rana ɗaya, ko kuwa sananniyar ɗabi'a ce ta halitta. Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne, aikatau na Ingilishi mai bin ƙa'ida ba shi da yawan sigogi ko kaɗan. Wahalarsa ga Bahaushe daga wani wuri take tasowa, wato daga bambancin abin da harsunan biyu suke lura da shi idan za su faɗi aukuwar aiki.

Katsina ba baƙuwar nahawu ba ce

Tun kafin zuwan Turawa, almajiran ilimi a zaurukan Katsina da sauran biranen ƙasar Hausa suna tasrifin aikatau na Larabci, suna jero fa'ala, fa'alaa, fa'aluu, fa'alat, har su cika sigogi 14 na shuɗaɗɗen lokaci, sannan su koma ga yaf'alu su sake jero wasu 14. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya wallafa waƙe guda sukutum a kan ilimin sarfu, mai suna Hisnur Rasin. Da boko ya zo, a birnin nan aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma ta shahara wajen koyar da Ingilishi, musamman furucinsa. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Ingilishin da Ɓalewa ya yi jawabi da shi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, a Katsina ya samo tushensa. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga can kuma Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa, amma tsohon ginin yana nan har yau cikin kayan tarihi na ƙasa.

Na kawo wannan ne domin jikan wanda ya hardace sigogi 14 bai kamata ya ji tsoron huɗu ba.

Sigogin huɗu

Bari mu ɗauki aikatau "plant", wato shuka. Duk faɗin harshen Ingilishi, wannan kalma ba ta da wata kama da take fitowa da ita sai ɗaya daga cikin waɗannan:

plant
plants
planted
planting

Ta farko ita ce saiwa. Ta biyu saiwa ce da ɗafa-ƙeya "-s", kuma ba a amfani da ita sai idan mai aikin mutum na uku ne tilo, wato shi ko ita, a lokacin yanzu. Ta uku tana da ɗafa-ƙeya "-ed", ta huɗu kuma "-ing". Duk aikatau da ya bi wannan tsari shi ake kira mai bin ƙa'ida, kuma su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Abin farin ciki ga ɗalibin kimiyya shi ne kusan dukkan kalmomin aikin ɗakin gwaji a wannan rukuni suke: collect, measure, weigh, boil, filter, dissect, observe, record, germinate.

To ina lokuta 12 da ake sa yara su hardace a sakandare? Biyu ne kawai daga cikinsu aikatau yake ɗauka a jikinsa, wato na yanzu, "plant" ko "plants", da wanda ya shuɗe, "planted". Sauran goman duk da 'yan taimako ake gina su, wasu ƙananan kalmomi da ake ajiyewa gaban aikatau: "will", da "have" tare da 'yan uwanta "has" da "had", da kuma "be" tare da nata 'yan uwan, "am", "is", "are", "was", "were", "been".

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A Hausa ma ba jikin aikatau ke nuna lokaci ba, lamirin da ke gabansa ne: ya shuka, yana shuka, zai shuka, yakan shuka. Kalmar "shuka" tana nan yadda take, lamiri ne yake ɗaukar kaya. Gaskiya ne wutsiyar aikatau na Hausa tana sauyawa, amma wani aiki dabam take yi. Idan muka ce ya shuke gonar, muna nufin bai bar ko'ina ba. Idan muka ce ya shuko, muna nufin ya yi can ya dawo nan. Idan muka ce gona ta shuku, muna nufin aikin ya yi kyau. Wannan shi ne tsarin giredi bakwai na aikatau da masani F. W. Parsons ya tsara a 1960. Saboda haka kunnen Bahaushe ya saba neman alƙiblar aiki da cikarsa a wutsiyar aikatau, bai saba neman lokaci a can ba. Nan ne matsala ta farko take.

Abin da Hausa ke tambaya, da abin da Ingilishi ke tambaya

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Idan Bahaushe zai faɗi aiki, tambayar da harshensa ke tilasta masa ya amsa ita ce: aikin ya kammala ko yana gudana? Batun yaushe kuwa, sai a bar wa kalmomi irin su jiya, gobe, bara, ko a bar wa mai sauraro ya fahimta daga zancen. Ingilishi yana tilasta wa mai magana ya amsa tambayoyin biyu a lokaci guda, cikin kowace jimla. Shi ya sa a ganina hanyar da ta fi dacewa da ɗalibi ita ce ya faro daga Hausarsa ya gangaro, maimakon ya faro daga sunayen lokuta na Turanci waɗanda ake rerawa a aji kamar karatun aku.

Mu fara da "ya shuka". Siga ɗaya ce a Hausa, amma wurare huɗu take sauka a Ingilishi:

Jiya ya shuka wake.
He planted beans yesterday.

Ya shuka wake, ga gonar nan ka gani.
He has planted beans.

Kafin mu iso jiya, ya shuka wake.
He had planted beans before we arrived.

Kafin mu iso gobe, ya shuka wake.
He will have planted beans before we arrive.

A lura da jimloli biyu na ƙarshe. A Hausa ba abin da ya raba su sai jiya da gobe, "ya shuka" bai motsa ba, domin abin da yake faɗa kawai shi ne aikin kammalalle ne a daidai lokacin da ake magana a kai. Ingilishi kuwa sai da ya sauya ɗan taimako daga "had" zuwa "will have". A nan ake gane cewa sunan shuɗaɗɗen lokaci da littattafan nahawunmu suke ba "ya shuka" bai cika faɗin gaskiyarsa duka ba, tun da ga shi yana aiki a gobe.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne tsakanin ta farko da ta biyu. Ƙa'idar ita ce: da zarar an ambaci lokacin da ya wuce ya rufe, kamar jiya, ko bara, ko wata shekara, to "planted" tsura za a sa, ba a sa "has" ko "have". Ronald Ross ya feɗe sauro a Indiya a watan Agusta na 1897, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a jikin tumbinsa. Wanda zai faɗi haka sai ya rubuta:

Ross dissected the mosquito in 1897.

Idan ya rubuta "has dissected" tare da wannan shekara, ya yi kuskure. Amma idan ana nufin aikin da ya faro can baya, igiyarsa ba ta tsinke ba har yau, ko kuma sakamakonsa ne abin dubawa ba ranarsa ba, to nan ne wurin "have":

Scientists have studied malaria since 1897.

Yanzu mu koma ga "yana shuka". Ita ma haka take yawo cikin lokuta ba tare da ta sauya riga ba:

Yanzu yana shuka wake.
He is planting beans now.

Jiya war haka yana shuka wake.
He was planting beans at this time yesterday.

Gobe war haka yana shuka wake.
He will be planting beans at this time tomorrow.

Tun safe yake shuka wake.
He has been planting beans since morning.

Wannan ta ƙarshe ita ma tana da ta jiya, "had been planting", da ta gobe, "will have been planting". Ta goben nan mutum zai iya yin digiri uku a kimiyya bai buƙace ta ko sau ɗaya ba, don haka ba zan ɓata wa mai karatu lokaci a kanta ba.

Saura biyu. "Zai shuka" ita ce "He will plant", ba ta da wata rikitarwa. Ana kuma cewa "He is going to plant", kuma abin sha'awa ne cewa harsunan biyu duk daga kalmar tafiya suka ƙera wannan siga, domin "za" ɗin da ke cikin "zai" ita ce dai ta cikin "za ni kasuwa". Ta ƙarshe kuwa, wadda ta fi kowace muhimmanci ga kimiyya, ita ce ta sabo:

Yakan shuka wake kowace damina.
He plants beans every rainy season.

Tarkon da ke nan shi ne, a maganar yau da kullum ba mu cika cewa "yakan" ba. Mun fi cewa yana shuka wake kowace damina, sauro yana yaɗa zazzaɓi, ƙuduji yana kashe gero. Ɗalibi ya riga ya ɗaure a ransa cewa "yana" daidai take da "is" da "-ing", sai ya rubuta "Mosquito is transmitting malaria". Ga Bature, ma'anar wannan ita ce wani sauro guda yana kan cizon wani a daidai wannan daƙiƙa. Abin da ɗalibin yake nufi shi ne:

Mosquitoes transmit malaria.
Striga attacks millet.

Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce, duk inda suka ji "yana" a ransu, su gwada musanya ta da "yakan". Idan ma'anar ba ta lalace ba, to "-ing" ba ta da wuri a jimlar. Haka nan akwai wasu kalmomi da ke nuna hali ko mallaka, ba motsi ba, irin su contain, belong, consist, resemble, waɗanda ba su karɓar "-ing" a irin wannan jimla. Muna cewa gyaɗa tana ƙunshe da mai, amma Ingilishi "Groundnut contains oil" yake cewa.

Wutsiyar da kunne ba ya ji

Na sha lura, wajen duba rahotannin ɗalibai, cewa ba kasafai suke mance "-ed" a kalmomi irin su "planted" da "collected" ba, amma sukan rubuta "we mix the powder", "the seeds were soak", "the sample was weigh". Wannan ba sakaci ba ne, dalilinsa a maƙogwaro yake.

Ɗafa-ƙeyar nan iri ɗaya ake rubuta ta, amma iri uku ake furta ta. Mai karatu ya ɗora yatsa a kan maƙogwaronsa, ya ja sautin "sss", sannan ya ja "zzz". A na biyu zai ji karkarwa, wato tantanin maƙwallato yana kaɗawa yayin da iska ke wucewa. Sautin da ke da wannan karkarwa shi ake kira mai ziza, wanda ba shi da ita kuma marar ziza. Idan saiwar aikatau ta ƙare da baƙi marar ziza, "-ed" sai ta fita a matsayin "t": mixed, soaked, crushed, stopped. Idan ta ƙare da mai ziza ko da wasali, sai ta fita a matsayin "d": killed, boiled, measured, weighed. A duk waɗannan ba a ƙara gaɓa ko ɗaya ba. Sai idan saiwar ta ƙare da "t" ko "d" ne ake cusa wasali a samu sabuwar gaɓa: planted, collected, added, recorded.

Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su taru a ƙarshenta ba. Shi ya sa idan muka ari kalma mai irin wannan cunkoso, ko dai mu ƙara mata wasali, kamar yadda muka sami fenti, banki da benci, ko kuma mu yar da baƙin ƙarshe, kamar yadda muka sami bel da fam. To kalmar "mixed" da baƙaƙe uku take ƙarewa a baki, k da s da t. Harshen Bahaushe sai ya yi mata abin da ya yi wa bel. Abin da baki ya yar, kunne ba zai ji ba, hannu kuma ba zai rubuta ba. "Planted" ta tsira ne saboda wutsiyarta cikakkiyar gaɓa ce irin wadda muka saba. Maganin abin shi ne karatu a bayyane, da ɗaga murya, ana danna baƙin ƙarshe da gangan har ya zama jiki, ko da abokan ɗaki za su yi dariya.

Ƙa'idojin rubutu ba su da yawa. Saiwar da ta ƙare da "e" ba a ninka mata shi: measure, measured, measuring. Wadda ta ƙare da baƙi da "y", sai "y" ta koma "i": dry, dries, dried, amma drying. Idan wasali ne gaban "y" ba a taɓa ta: decay, decayed. Ana ninka baƙin ƙarshe idan wasali ɗaya ne gabansa kuma nauyin murya a gaɓar ƙarshe yake: stopped, occurred, transmitted, amma filtered da developed ba a ninka su. Kalmar "label" ta raba Ingila da Amurka, mutanen Ingila suna rubuta labelled, Amurkawa labeled. Mu a Nijeriya na Ingila muka gada, kuma abin da ake so dai kada a gauraya su a rahoto ɗaya.

Kaya ɗaya, ɗan dako ɗaya

Idan za a kore magana ko a yi tambaya a lokutan nan biyu da ba su da ɗan taimako, sai a ɗauko "do", "does" ko "did". Da zarar ɗan taimako ya shigo, shi ne zai ɗauki alamar lokaci, aikatau kuma ya koma saiwarsa:

He planted. He did not plant. Did he plant?
She plants. She does not plant. Does she plant?

Wanda ya rubuta "did not planted" ya ɗora kaya ɗaya a kan 'yan dako biyu. A wannan gaɓa Ingilishi ya zama tamkar Hausa, lokaci yana gaba, aikatau yana biye a sake.

Akwai kuma wurin da Bahaushe ya fi ɗaliban wasu harsuna sa'a. Rahoton kimiyya ya fi son a faɗi abin da aka yi ba tare da ambaton wanda ya yi ba, mu kuwa muna da "an" da "aka" da "za a" tun fil azal. An shuka iri, "The seeds were planted". Za a auna tsawon ganye, "The leaves will be measured". Abin kiyayewa kawai shi ne bayan "was", "were" da "be" a irin wannan jimla, dole siga ta uku ta zo da wutsiyarta cikakkiya.

Da wannan za a iya raba lokuta ga sassan rahoto. A gabatarwa, abin da duniya ta riga ta tabbatar ana faɗinsa da lokacin sabo, aikin magabata kuma da "have" idan ba a ambaci shekara ba. Bayanin yadda aka yi gwaji da abin da aka samu, duka da shuɗaɗɗen lokaci ake rubuta su, domin tarihi ne na abin da ya auku a hannun mutum ɗaya. Jadawali da zane kuwa suna gaban mai karatu yanzu, don haka "Table 2 shows" ake cewa. A sashen tattaunawa ne ake gauraya su, kuma a nan ne ake gane ɗalibin da ya san iyakar abin da ya gano.

Bauɗaɗɗu, da dalilin da ya sa ba su ƙare ba

Mai karatu zai ce, to ina su "go" da "went", da "grow" da "grew"? Waɗannan su ne bauɗaɗɗun aikatau, kuma da yawansu ragowar wani tsohon tsari ne na sauya wasalin ciki, wanda Ingilishi ya gada tun kafin "-ed" ta yi ƙarfi. Labarinsu zai ba ɗalibin ilimin halittu sha'awa. A shekarar 2007 mujallar Nature ta buga binciken wasu masana na Jami'ar Harvard, cikinsu har da Erez Lieberman da Martin Nowak, wanda shi masanin lissafin halittu ne. Sun bi diddigin bauɗaɗɗun aikatau 177 na tsohon Ingilishi. Sun tarar 145 ne suka rage a bauɗe a Ingilishin tsakiyar zamani, a na yau kuma saura 98. Sauran duk sun miƙa wuya ga "-ed". Alal misali "help" a dā "holp" take komawa, yau kuwa "helped".

Abin da ya fi jan hankali shi ne sun gano saurin miƙa wuyan yana bin lissafi. Aikatau da aka fi wani ƙarancin amfani da shi sau 100, ya fi shi saurin komawa ga ƙa'ida sau 10. Kalmar da ake furtawa kullum, kowane yaro yana jin bauɗaɗɗiyar sigarta sau dubbai, ba ya mantawa. Wadda ba a cika furtawa ba kuwa, ranar da aka neme ta aka rasa, sai a liƙa mata "-ed" a wuce. Shi ya sa aikatau da aka fi amfani da su a Ingilishi, irin su be, have, do, go, say, see, take da get, duk bauɗaɗɗu ne. Mu ma a fagenmu mun san irin wannan: sassan halitta da rai ya fi dogara a kansu su ne suka fi jinkirin sauyawa. Furotin ɗin nan mai suna histon H4, wanda zaren DNA ke naɗewa a jikinsa, yana da tubala 102, kuma biyu ne kacal suka bambanta tsakanin na saniya da na waken Turawa. Ba na cewa kalma halitta ce mai rai, kwatanci ne kawai. Hasali ma akan sami masu komawa baya, kamar yadda Amurkawa da yawa suke cewa "dove" a maimakon "dived".

Duk sabon aikatau da ya shigo Ingilishi, ƙa'ida yake bi. Da aka samar da tunkiyar nan Dolly a 1996, "cloned" aka ce, ba wanda ya tsaya neman wata siga. Mu ma haka muka yi da muka ari "canza", nan take ta shiga giredi, muka sami canzo da canzu. Tun a 1958 wata masaniya, Jean Berko, ta nuna cewa ƙananan yara masu jin Ingilishi suna liƙa "-ed" ga kalmomin da ta ƙirƙira, waɗanda ba su taɓa ji ba, wato ƙa'ida suka koya ba hadda ba. Saboda haka idan na ga ɗalibi ya rubuta "growed" ko "cutted", nakan ja masa jan biro, amma hankalina ya fi kwanciya da shi bisa wanda ya rubuta "were soak". Na farko ya riƙe ƙa'ida, jerin bauɗaɗɗu kawai ya rage masa. Na biyu bai ji wutsiyar ba tukuna.

Jinga

Ga wani sakin layi da na shirya irin na rahoton ɗalibi, lambobin cikinsa na misali ne. Mai karatu ya rufe amsar da ke ƙasa, ya nemo kurakuran da kansa.

On 5 July we have purchase fifty bean seeds near Ƙofar Durbi. The seeds were soak in water and plant in ten pots. A bean seed is containing much protein. Forty seeds germinates after four days. Ten seeds did not germinated. Farmers in Katsina planted this crop for centuries. Therefore soaking improves germination.

A jimla ta farko an ambaci rana, don haka "have" ba ta da wuri, "we purchased" za a ce. A ta biyu "were" tana riƙe da aikatau biyu, kuma kowanne yana bin ta bashin wutsiya: "soaked" da "planted". Ta uku hali ne na dindindin, "contains". Ta huɗu sakamako ne na gwajin da ya wuce, "germinated". A ta biyar "did" ta riga ta ɗauki lokaci, saura "germinate". A ta shida manoman Katsina ba su daina shuka wake ba, igiyar ba ta tsinke ba, don haka "have planted". Kurakurai bakwai ke nan.

Jimla ta ƙarshe ba ta da aibi ko ɗaya a nahawu, malamin Ingilishi zai wuce ta da alamar daidai. Amma "improves" ta ɗauki abin da ya faru ga ƙwayar wake 50 a watan Yuli ta mai da shi ɗabi'ar kowane iri a duniya. Mayar da ita "improved" zai rage girman iƙirarin, sai dai ba zai cece ta ba, domin ɗalibin ya jiƙa dukkan irin nasa, bai bar ko tukunya ɗaya ta busasshen iri da zai kwatanta da ita ba. Gyaran wannan jimla shi ne a soke ta, a koma Ƙofar Durbi a sayo wani waken, a raba shi kashi biyu.